Ƙanena ya ce kowa da gaskiyarsa, ga takardar awon jininsa a akwatina

Wasiƙar wannan mako daga Tawa ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidan.

"Hajiya, ina gaishe ku da aiki. Ni matar aure ce, ƴaƴana uku. Ƙanena mai bi mini ya gama jami'a a Yamai, ya samu aiki, an sa ranar aurensa da ɗiyar kawunmu, saura wata biyu. Kawu ya taɓa rasa ɗa namiji da ciwon emasi, wato sikila, yaron yana da shekara 9. Tun daga nan ya sa aka auna jinin ƴaƴansa duka, ya ce duk mai son ɗiyarsa sai ya yi awo. Yarinyar AS ce, wato tana ɗauke da harafin ciwon amma ita lafiyarta lau. Ƙanena ya yi nasa awon da ya zo hutu, ya koma Yamai ya ce in karɓo masa takarda. Na karɓo, shi ma AS ne, na aika masa hotonta. Bayan kwana biyu sai na ji ya kira kawu ya ce masa AA ne. Kawu bai nemi ganin takarda ba, ya ce ɗan ƙanwarsa ba zai yi masa ƙarya ba. Da na yi masa magana sai ya ce: Yaya, akwai gaskiyata, akwai gaskiyarki, kowa da tasa. Likita na kallon kashi 25 na haihuwar mai ciwon, ni ina kallon kashi 75, kuma ciwo da lafiya na Allah ne. Ya ce ko wata ma Nijar takan gani Najeriya ba ta gani ba, wa ya yi ƙarya a cikinsu? Innarmu ta ce in yi kurum, kar in raba zumunci, Allah na son mai rufa asiri. Takardar na cikin akwatina, barci ya gagare ni. Da gaske ne gaskiya iri-iri ce? In yi magana ko in yi shiru?"

Ɗiyata, sannu da wannan nauyi. Amsar tambayarki ta ƙarshe ba ta ba ni wuya ba: kada ki bari a ɗaura auren nan kawunku da ɗiyarsa ba su san abin da ke cikin akwatinki ba. Inda ake buƙatar dabara shi ne wa za ki fara tunkara da kuma yadda za ki faɗa, zan zo wurin. Amma tunda ƙanenki ya ɗaure ki da magana har kin fara shakkar abin da idonki ya karanta, bari mu fara kwance wannan ƙullin.

Maganar da ya ɗauko tana da asali. Ta wani malami ce na Banjagara a ƙasar Mali, Cerno Bokar, kuma almajirinsa Amadu Hampate Ba, wanda ya rasu a Abijan a 1991, shi ya yaɗa ta har ta shiga bakin ƴan lakwal a duk ƙasashenmu. Sai dai malamin uku ya ƙirga: gaskiyata, gaskiyarka, da Gaskiya ita kanta. Ya ce tawa da taka kamar jinjirin wata ne, kowa na ganin ɗan yanki, ita kuwa ta ukun wata ne ɗan daren sha huɗu. Nufinsa mutum ya rage girman kai, ya saurari ɗan'uwansa, ko a matsa kusa da abin da yake shi ne. Ƙanenki ya ɗauki biyun farko ya jefar da ta ukun, alhali dominta aka yi maganar.

Misalin watan da ya kawo ma bai taimake shi ba. Haka ne, akwai shekarun da ake Sallah a Ƙonni, mutanen Illela ta Najeriya, tafiyar ƴan mintoci a babur, suna cikin azumi. Amma ban taɓa jin wanda ya ce wata biyu ne a sama, ɗaya namu ɗaya nasu ba. Saɓanin na gani ne: hadari, ƙura, ƙarfin idon mai duba, da shaidun da hukumar kowace ƙasa ta yarda da su. Abin da ke fitar da mutane bayan gari da magariba suna ɗaga kai, sanin da suka yi ne cewa akwai wata guda, ko ya tsaya ko bai tsaya ba. Da kowa na da watansa, ba wanda zai wahalar da wuyansa.

Ban ce komai na duniya fuska ɗaya gare shi ba. Jaka a Tawa sefa 1000 ce, in kin shiga Sakkwato aka ce jaka, naira 200 ake nufi. Tiyar wannan kasuwa ta fi ta waccan ciki. Yadda Ba'adare ke gaida surukinsa daban da yadda Bazabarme ke yi, kuma ba wanda ya fi wani daidai. Waɗannan suna ne da ma'auni da al'ada, mutane suka aje su, mutane ke canza su. Hatsin da ke cikin buhu kuwa bai san sunan tiya ba, iyakarsa iyakarsa. Ƙarshen wata, a ba ƙanenki rabin albashinsa a ce masa a gaskiyarmu cikakke ne, ki ga ko zai karɓa ya yi godiya. Zai ƙirga a gabansu, ya ce a cika masa.

Ga abin da nake so ki riƙe fiye da duk waɗannan. In da gaske ya yarda cewa kowa da gaskiyarsa, me ya hana shi ya ce wa kawu: ni AS ne, amma a ganina wannan ba komai ba ne? Wannan shi ne ra'ayi, kuma yana da damar yin sa. Bai faɗi haka ba. Ya canza harafi, ya ce AA. Mutum ba ya ɓoye abin da bai yarda da ƙarfinsa ba. Ya san abin da takardar ta ce, ya san abin da kawu zai yi in ya ji, shi ya sa ya toshe hanyar jin. Zancen gaskiya iri-iri daga baya ya zo, ranar da kika tsare shi, don ya samu abin rufe kunya. Ke da shi ba ku saɓa a kan mene ne gaskiya ba, ɗiyata, ku biyun kun san ta.

Yanzu jinin. Na yi shekaru ina aikin jinya a ɓangaren yara kafin in aje, don haka ki yi haƙuri in na daɗe a nan.

Kowane mutum harafi biyu gare shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Mai AS lafiyarsa lau, yana noma, yana kokowa, yana iya tsufa bai san yana ɗauke da komai ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da hanya huɗu: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. SS ɗin shi ne emasi, wanda wasu ke kira sikila ko amosanin jini. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120 tana aiki. Ta mai SS tana lanƙwashewa kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa jininsu kullum a ƙasa yake. In ta lanƙwashe kuma takan maƙale a ƙananan jijiyoyi ta toshe su, daga nan ciwon ƙashin nan yake tasowa. Sanyi na tayar da shi, ƙishirwa na tayar da shi, zazzaɓin cizon sauro na tayar da shi. Ki duba ƙasar da muke ciki: hunturu, bazara, damina, kowane da abin da yake kawo wa irin yaron nan.

Kashi 75 da ƙanenki ke jingina da shi lissafin ciki ɗaya ne. Ki ɗauki ƙwarya ki zuba goro huɗu, uku fari ɗaya ja, ki rufe ido ki ɗauko guda. Da kin duba sai ki mayar da shi cikin ƙwaryar, don ciki na gaba bai san abin da ya faru da na baya ba. In sau huɗu za ki sa hannu, damar ki ci karo da jan goro ko sau ɗaya ta kai kashi 68 cikin 100. In sau shida ne, kuma haihuwa shida ba abin mamaki ba ce a gidajenmu, ta haura kashi 82. Akwai gidan da Allah ke tsallakar da su duka. Akwai gidan da na sani uku a jere. Shi da ya yi karatun jami'a ya fi ni iya wannan lissafi, ki ba shi alƙalami ya yi da hannunsa.

Akwai wani dare na hunturu da ban manta ba. Wata mata ta shigo da yaronta ɗan shekara 4. Ba ta goya shi ba, a kan hannuwanta biyu ta shimfiɗo shi, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, don goyo ya gagara, ko bakin zane ya taɓa ƙafarsa sai ya ƙwalla ƙara. Idanunsa sun yi ɗorawa, tafin hannunsa fari fat. A gwiwoyinsa da wuyan hannunsa duk tabon tsagar wanzami ne, an yi ta neman fitar da mugun jini. Muna neman jijiya yana cewa, Inna ki riƙe ni, in ta kai hannu ya ce kar ki taɓa ni. Uban ya hau babur tsakar dare yana bi gida-gida yana tada dangi, ko a samu wanda jininsa zai yi daidai. Da gari ya waye uwar mijin ta zo, ta tsaya a kan matar nan da ba ta runtsa ba ta ce, mu dai babu wannan ciwo a zuri'armu, daga gidanku kika kwaso mana. Na juya takardar magani na zana musu a bayanta: S ɗaya daga nan, S ɗaya daga can, in babu na uba ba a samun wannan yaro. Uban ya daɗe yana kallon takardar. Su ba su sani ba, ba wanda ya taɓa auna su, ba wanda ya yi wa wani ƙarya. Duk da haka a kan matar laifin ya fara sauka.

To ki auna na gidanku, inda an riga an ce wa kowa ango AA ne. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki, kuma ina jin ko ƙanenki bai hango shi ba. Uba mai AA ba ya haifar SS. Duk ma'aikacin lafiya ya san haka, kuma kawunku da ya binne ɗa ya san haka. Ranar da aka auna jaririnsu aka ce SS ne, magana biyu ce za ta rage a bakin mutane: ko mijin ya yi ƙarya, ko ɗan ba nasa ba ne. Kin san garinmu, kin san wadda ake fara zargi. Yarinyar da bai iya haƙurin rabuwa da ita ba, ita ce zai tsayar a tsakar gida ana ƙus-ƙus a kan mutuncinta, tana riƙe da yaro mara lafiya. A ranar, ko dai ya fito ya faɗi abin da ya ƙi faɗa yau, bayan an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, ko ya ci gaba da shiru ya bar ta da tabon. Ke kuma kina gefe kina kallo, takarda na cikin akwati. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Wannan ramin, ɗiyar kawunku da ɗanta ne za su fara faɗawa.

Ya ce ciwo da lafiya na Allah ne. Babu musulmin da zai ja da haka. Amma Sayyidina Umar, a hanyarsa ta zuwa Sham, da labari ya iske shi cewa annoba ta ɓarke can, juyawa ya yi da mutanensa. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Labarin na cikin Buhari da Muslim. Awon jini ma cikin ƙaddara yake, sanin da Allah ya ba likitoci ma cikinta yake. Kuma mai tawakkali na gaske shi ne wanda zai je gaban kawu ya faɗi yadda abin yake, ya bar wa Allah sauran: in matarsa ce zai same ta, in ba ita ba ce Allah ya musanya. Wanda ya canza harafi don kada aure ya kuɓuce masa, a kan dabararsa ya dogara.

Maganar Inna ta fi tasa nauyi a wurina, don ita daga tsoro na gaskiya take. Tana tsakanin ɗanta da yayanta, ta ga wuta ta kowane ɓangare. Kuma rufin asiri babban abu ne, addini ya yabe shi, da shi muke zaune da juna. In da ƙanenki wani kuskure ya yi a ƙuruciya wanda ya wuce, ya tuba, bai shafi kowa ba, da ni ce ta farko da zan ce ki haɗiye shi har kabari. Wannan bai wuce ba, gaba yake tafe, kuma a jikin wasu zai sauka. Rufe shi, rufe wa yarinya ido ne a kai ta bakin rijiya.

Ki tuna wa Inna da Faɗimatu bint Ƙais. Mutum biyu suka nemi aurenta, Mu'awiya da Abu Jahm, ta je wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, neman shawara. Bai rufe mata komai ba: ya ce wannan ba shi da dukiya, wancan kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Daga wannan hadisi na Muslim malamai suka ce faɗin aibin mai neman aure ga wanda abin ya shafa nasiha ce, ba ya cikin giba. Ki tuna mata kuma da ranar da Annabi ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. In a kan tsibin hatsi ne haka, ina ga ɗiyar mutum? Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ma sunan iyaye da dangi ta kira, ta ce a tsaya kan shaidar gaskiya ko da a kansu ne.

Zumuncin da take jin tsoron ya tsinke, ki tambaye ta cikin ladabi: wanne ya fi saurin ɗinkuwa, auren da aka fasa saura wata biyu, ko ranar da yayanta zai gane an san gaskiya a gidan ƙanwarsa aka bar shi ya sake shiga abin da ya kashe masa ɗa? Mutumin nan bai nemi takarda ba saboda yardar da ya yi da ku. Da wannan yardar aka cuce shi. Fasa aure ciwo ne na wata shida ko shekara, a yi fushi a huce. Wancan kuwa har jikoki sai sun gaje shi.

Kada ki je wa ƙanenki da fuskar alƙali. Ni abin da nake gani yaro ne da ke son yarinya tun suna ƙanana, ya ga takarda guda za ta raba su, ya firgita. Kuma a cikin samarinmu akwai masu ɗaukar AS kamar wani tabo ne ko rauni a mazantaka. Ki cire masa wannan. A ƙasar nan wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na ɗauke da S. Tun 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa harafin ya yawaita a ƙasashen sauro irin namu: garkuwa ce da ta raya kakanninmu. Kawunku ma yana ɗauke da shi, da matarsa, tunda sun haifi mai SS, kuma mai yiwuwa ta wajen Inna ƙanenki ya samo nasa. Cikin dangi abin yake yawo, shi ya sa auren zumunci ya fi kowane aure buƙatar awo. Ba wanda ya yi laifi da jininsa. Laifin a waya aka yi shi, ranar da ya kira kawu.

Akwai wurin da kalmarsa ta kowa da tasa take da gurbi, kuma zan ba shi shi. Bayan an baje komai a faifai, ko a yi auren ko a fasa, wannan hukunci ne da mutane masu hankali ke saɓawa a kansa. Ni in an tambaye ni, cewa zan yi a haƙura, don na ga abin da na gani. Amma na san ma'auratan da suka sani suka shiga da idonsu biyu, suka shirya. Kulawar yau ta fi ta da: ana auna jariri da wuri, a sa shi kan fenisilin da rigakafi da maganin ƙarin jini, a kwana cikin gidan sauro, a yawaita shan ruwa, akwai kuma maganin hydroxyurea mai rage yawan tashin ciwon. Masu SS da ke karanta wannan shafi, cikinku akwai malamai da ƴan kasuwa da iyayen ƴaƴa, ban ce rayuwarku ba abin so ba ce, Allah ya ƙara muku lafiya. Abin da nake cewa, wadda za ta ɗauki cikin, ta yi naƙudar, ta kwana zaune a gadon asibiti, tana da haƙƙin a tambaye ta. Ƙanenki ya yanke mata hukunci shi kaɗai, ya kuma ɓoye mata cewa akwai abin yankewa. Ita ma ai tana da tata gaskiyar, in da gaske yake. Ta ina za ta samu tata in an hana ta ganin takarda?

Ga yadda nake ganin za ki bi. Shi za ki fara samu, ido da ido. Kada ki yi ta saƙon murya, ana ajiye shi, ana tura shi, kuma ba ya nuna hawaye. Ko ki kira shi gida, ko ki shiga motar safe ki same shi Yamai. Kada ki sake shiga gardamar mece ce gaskiya da shi, ya fi ki baki, kuma ba nan ciwon yake ba. Ki faɗa masa zancen jaririn da za a ce ba nasa ba ne, ki bar shi ya zauna da shi. Sannan ki ce masa: ƙanena, ni ba zan iya zama a wurin ɗaurin auren nan da wannan a cikina ba. Na fi son kawu ya ji daga bakinka. In kana so in raka ka, zan raka ka. Ki sa masa rana, mako guda ya isa, kuma ya kasance kafin a kai akwati, don kowace rana da ta wuce ana ƙara kashe kuɗi, ana ƙara gayyato mutane, janyewa na ƙara wuya. Abin da zai ce wa kawu bai fi numfashi ɗaya ba: na ji tsoron rasa ta, na faɗa muku abin da ba shi ba ne, ku gafarce ni. Dattijon da ya ji haka daga bakin yaro zai yi fushi, amma zai ga mutum a gabansa.

Ku nemi a sake awon, shi da ita tare. Ɗakin awo yakan yi kuskure, ana iya musanya kwalba, kuma awon nan mai sauƙi da ake kira Emmel iyakarsa ya nuna akwai S ko babu, ba ya raba AS da SS, ba ya kuma ganin harafin C, wanda shi ma akwai shi a yankinmu kuma in ya haɗu da S yana ba da ciwo. Wanda ake so shi ne elektroforez, awon da ke bambance haruffan nan. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu emasi, CNRD, can za a auna su a kuma zaunar da su a yi musu bayani. Ki lura da wani abu a nan: cewa da muke yi awo na iya kuskure, ita kanta shaida ce cewa akwai daidai. Wanda ke shakkar takarda, awo na biyu yake nema. In na biyun ya fito AA, ni ce zan fi kowa murna, sai a sha biki.

In ranar ta cika bai motsa ba, ki sanar da Inna tukuna cewa za ki je, kada ta ji a bakin wani. Ba izini za ki nema ba, girmamawa ce. Sannan ki samu kawu shi kaɗai, lokacin da gida ya yi shiru, ki miƙa masa takardar, ki roƙe shi ya sassauta wa yaron, ki kuma roƙe shi a zaunar da yarinyar a faɗa mata dalili, kada ta wayi gari ta ji an fasa ba ta san me ya faru ba. Daga su biyun nan maganar ta tsaya. Jinin ƙanenki sirrinsa ne, waɗanda zai shafa kaɗai ke da haƙƙi a kansa. Ban da ƙawa, ban da dangin mijinki, ban da zauren WhatsApp na gida. In mutane sun tambayi abin da ya fasa aure, Allah bai yi ba ta ishe su. A nan ne rufin asirin da Inna ke so zai yi aikinsa.

Ba zan ce miki za a gode miki ba. Yana iya daina ɗaukar wayarki wata da watanni. Inna na iya juya miki baya kwana biyu. Za a samu mai cewa baƙin ciki kike da ƙanenki. Ki shirya wa wannan tun yanzu, ki samu mijinki ko wata babba da kika yarda da hankalinta ta san kina cikin damuwa, ko da ba ki buɗe mata dalilin ba. Ki ci gaba da gaishe shi ko bai amsa ba, ki aika masa abin da kika saba aikawa, kada ƙofa ta rufe daga wajenki.

Abu ɗaya ba ki faɗa mini ba, kuma tun karatun farko nake neman sa a wasiƙar: naki harafin. Uwa ɗaya uba ɗaya kuke da shi. In ba ki taɓa yin awon ba, ranar da za ki raka su ki miƙa naki hannun, ki lallashi maigidan ya yi, a auna yaran nan uku. Ki rubuto mini abin da ya fito, da yadda kuka ƙare da kawu.